Wa Ya Toshe Kafar Iska?

Herminia Quilodrán tana tsaka da ciniki da mai kifi a kasuwar bakin teku sai wayarta ta yi ƙara. Ta maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa.

"Señora Herminia? Orfelina ce, maƙwabciyar gidanki na kan tudu. Motar asibiti ta kwashi mutanenki."

"Waɗanne mutanena?"

"Masu hayarki mana! Yasna da tsohon ubanta. A ƙofar banɗaki aka tsince su. An ce hayaƙin gas ne."

Mai kifi ya riga ya naɗe mata biyu a takarda. Ta bar su a kan teburinsa, ta tsallaka titi ta tare bas.

Gidan gado ne, ɗaki biyu da kicin, can saman ɗaya daga cikin tuddan birnin Valparaíso inda mota ba ta kaiwa. Tun da mahaifiyarta ta rasu gwiwarta ta fara ciwo, matakala ɗari da ashirin suka fi ƙarfinta, sai ta damƙa makullan a hannun wani dillalin gidaje, Baldomero Ugarte. Shi ke sa masu haya, shi ke kiran masu gyara, shi ke kawo mai duba bututun gas idan lokaci ya yi. Shekara shida ke nan ba ta taka gidan ba. Masu hayar ma sau ɗaya ta taɓa ganinsu.

A asibiti ta sami Yasna zaune a kan gado a wani lungu, da robar numfashi a hanci, da rigar aikinta ta gidan burodi har yanzu a jikinta. Mahaifinta, Don Eleodoro, yana can ciki, bai farfaɗo ba.

"Ruwan zafi na kunna in yi masa wanka kafin in fita," in ji Yasna. "Sai na ga bango yana juyawa. Shi ke nan abin da na sani."

"Sannu, 'yata. Da ma kun ga wata alama ai da kun yi magana."

Yasna ta janye robar daga hancinta.

"Da mun yi magana? Señora, sau uku na rubuta wa mutuminki. Wata biyu muna fama da ciwon kai. Na ce masa wutar hitar gas ɗin da ke dafa mana ruwa ta koma ruwan ɗorawa, tana baƙanta bango. Duba."

Ta miƙo wayar. Saƙonni uku ne dogaye. A ƙarƙashin kowanne, amsa iri ɗaya: Za a turo mutum.

"Har yau mutumin yana hanya," in ji Yasna, ta mayar da robar.

Ofishin Ugarte yana hawa na uku a wani tsohon bene kusa da tashar jirgin ruwa. Ya tarbe ta a bakin ƙofa da hannu biyu a buɗe, sai ƙamshin turare yake yi.

"Señora Herminia, sarauniyar masu gidaje! Na ji, na ji. Tun safe ban iya haɗiyar ko kofi ba. Zauna, zauna."

Ba ta zauna ba. "Yaushe aka duba gas ɗin gidana?"

"Bara, a watan Maris. Komai nawa a rubuce yake." Ya zaro wata takarda daga fayil ya shimfiɗa mata. Ga koren hatimi a ƙasa, ga sa hannu mai kama da tsutsa.

Herminia ta yi shekara talatin da ɗaya tana tantance wasiƙu a gidan waya. Ta sa tabarau, ta ɗaga takardar wajen taga. An goge lambar gidan da farin ruwan gyara, an rubuta tata a kai. Ta baya ana iya karanta ta asalin. Lambar mitar gas ma ba tata ba ce.

"Wannan ta gidan wani ce, Don Baldomero."

"Kai, yaran ofis ɗin nan! Sun kashe ni. Kullum sai sun cakuɗa fayil."

"Da farin ruwa suke cakuɗawa?"

Ya je ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna a gefen tebur, muryarsa ta sauka.

"Mu yi maganar manya. Idan tsohon nan ya cika, sunan wa ke kan takardar gidan? Nawa ko naki? Ni dillali ne, yau ina nan, gobe na canja allon ƙofa. Ke fa?" Ya juya ya ɗauko wata takarda da aka riga aka buga. "Shekara ashirin ina wannan sana'a. Da sanyi ya shigo, masu haya sai su toshe kafar iska da tsumma, hayaƙin gas ya rasa hanyar fita. Dukansu. Ban je ba, amma na rantse miki ta gidan nan a toshe take. Wannan wasiƙa cewa kawai ta yi mun ba su gida lafiya lau, su suka toshe. Ki sa hannu, in sa hannu, kowa ya kwana a gidansa."

Ta karanta har ƙasa. Ta ninke ta biyu ta sa a jaka.

"Zan duba."

"Kafin ƙarfe biyar, sarauniya. Lauyana yana tashi da wuri."

Daga bakin titi ta kira wani mai lasisin aikin gas da ƙanwarta ta sani, Ulises Painemal. Ya iso da rana tsaka da akwatin ƙarfe a hannu, mutum gajere mai furfura wanda bai cika magana ba. Suka hau matakalar tare. Sau huɗu tana tsayawa ta dafa bango, shi kuma ya tsaya ya kalli teku kamar ra'ayin kansa ne.

Orfelina ta buɗe musu. 'Yan kwana-kwana sun bar tagogi a wangale, gidan ya yi sanyi ƙalau. Tawul yana yashe a ƙofar banɗaki, da silifas ɗaya na tsoho.

Ulises ya shiga kicin ya kwance murfin hitar. Baƙin toka ya zubo masa a hannun riga.

"An ce bara aka duba," in ji Herminia.

"Wanda ya duba wannan bara, a mafarki ya duba." Ya hura cikin, ya kau da kai. "Ina kafar iskar kicin ɗin?"

Suka duba ba su gani ba. Ya durƙusa, ya ja kabad ɗin kwanuka gefe, ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da bayan sukudireba har sautin ya canja. Wani ɗan katako ne aka buga da ƙusa huɗu, aka shafe shi da fenti kalar bango. Ya sa ƙarfe ya ɓamɓare. Ya zura hannu cikin ramin ya jawo wani dunƙulen ulu mai ƙura, ya warware shi a ƙasa. Hannun rigar sanyi ne, shuɗi, da farin zare a bakinsa.

"To, ga shi nan," in ji Orfelina daga ƙofa. "Ashe dai su ne."

Herminia ta tsaya tana kallon ulun. Ita ta saƙa rigar. A lokacin sanyi na ƙarshe kafin mahaifiyarta ta rasu, tsohuwar ta yi ta mita cewa iska tana cin ƙafafunta idan ta zauna shan shayi. Wata Lahadi Herminia ta zo da guduma da ƙusoshi a jaka, ta yanke hannun tsohuwar rigarta ta cusa, ta rufe. Da za a ba da gidan haya, ita da kanta ta sa aka yi fenti. Mahaifiyarta a tukunya take dafa ruwan wanka, ba ta taɓa yarda da hitar ba, shi ya sa toshewar ba ta cuce ta ba.

Ulises ya kankare gefen katakon da farce. "Wannan ba aikin bana ba ne. Amma duk wanda ya shigo dubawa da gaske, cikin minti biyar zai nemi kafar nan ya rasa." Ya zauna a kujerar kicin, ya ɗora fom a gwiwa ya fara cikewa. Ya liƙa jan hatimin hana amfani a jikin mita. Da ya kai wani layi sai ya tsaya. "Nan ana tambayar wanda ya toshe. Yawanci 'ba a sani ba' nake rubutawa. Ba wanda ke bin diddigi."

"Rubuta mai gida."

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Orfelina ta gyara tsayuwa.

"Señora, kin san inda takardar nan za ta?"

"Na sani. Ka kuma rubuta cewa ba a taɓa buɗe hitar ba, kuma shaidar da dillali ya nuna mini ta wani gida ce. Ugarte, da U."

Ya rubuta. Ya juyo mata da fom ɗin, ta sa hannu.

Tana tsakiyar saukowa Yasna ta kira. Don Eleodoro ya buɗe ido, har ya yi wa nas faɗa a kan wa ya cire masa haƙoran roba. Likita ya ce sai an ga kwana biyu kafin a san abin da hayaƙin ya bari a kansa.

"Dillalin nan kuwa sai na kai shi kotu, Señora."

"Ki kai shi. Amma ki jira ni, ina zuwa yanzu. Akwai abin da za ki ji daga bakina kafin ki ga lauya."

Ta zauna a kan matakala tana murza gwiwa. Biyar saura kwata wayar ta sake ƙara.

"Sarauniya! Lauya yana ta kallon agogo. An sa hannu?"

"An sa, Don Baldomero," in ji ta. "Sunanmu mu biyu yana ciki."

"Madalla! Na san ke mai hankali ce."

Ta kashe wayar, ta kama ƙarfen gefe ta miƙe. Saura matakala sittin kafin titi.