Kujerar Rafi

Shekara arba'in da huɗu ke nan Orrin Talbot yana gangarawa madatsar ruwa kowace safiya da manjagara a kafaɗa. Yakan kwashe ganyen da ya toshe ragar ƙarfe don ruwa ya samu shiga bututu, ya juya injin da ke ba mutanen ƙauyen Tansy wutar lantarki. Shi ya gina madatsar, shi da matarsa Lenore, tun suna da ƙarfin saɓa buhun siminti su hau tudu da shi. A kusurwar gabas har yau akwai shatin tafin hannunta, inda ta danna kafin simintin ya bushe. Lenore ta rasu shekara tara da suka wuce.

A wancan zamani madatsar abin alfahari ce. Matasa ashirin da 'yan kai ne suka baro birane suka tare a wannan kwari na jihar Oregon ta Amurka, suka ce su da wutar da ake ƙona gawayi a samar har abada. Baƙi na zuwa daga nesa su ga injin, su ɗauki hoto. Kuma ba wanda ta cuta, domin kifin samon, mai barowa teku ya hauro rafi ya yi ƙwai, ya daɗe da daina hawowa rafin. Wata babbar madatsa can ƙasa ta tare masa hanya tun kafin a haifi Orrin.

To, sai aka rushe waccan babbar. Kaka ta uku bayan nan, kifin ya dawo.

Orrin ne ya fara ganinsu. Jajayen baya, tsawon hannun mutum, suna tsalle suna bugun bango suna faɗawa. Wasu su yini a haka. Da safe sai ya tarar da matattu a bakin dutse, matan cikinsu cike da ƙwai. Ya ƙara shebur a kan manjagararsa. Kafin kowa ya fito yakan kwashe su ya binne a gindin itatuwan tuffa, ya baje ƙasar da ƙafa. Dattijo ɗan shekara saba'in da uku yana sanɗa a gonar da shi ya dasa, ba abin da ya fi wannan muni.

Juniper ce ta kawo maganar gaban taron Lahadi. A ɗakin bayan zauren taro aka haife ta, Lenore ce ta karɓi haihuwar. Ta je jami'a ta karanta ilimin kifi, ta dawo gida. Buƙatarta ɗaya ce: a buɗe ƙofar ƙasa ta madatsar yau ɗin nan, ruwa ya wuce, kifi ya haura, in rani ya yi a rushe bangon. Buɗe ƙofar kuwa yana nufin inji ya tsaya.

A Tansy ba a bin rinjaye. Sai kowa ya yarda ake yin abu. Idan mutum ɗaya ya miƙe tsaye ya ce bai yarda ba, magana ta mutu. Da wannan niyya Orrin ya fito daga gida.

A hanya Gus Pelletier ya tare shi, mai kiwon zuma, sa'ansa, wanda gwiwoyinsa ba sa lanƙwasuwa sai ya gasa su a gaban hita.

"Kai, tsohon kwaɗo, ka dai shirya?" in ji Gus. "Yaran nan so suke su mayar da mu zamanin kyandir. Wai sola! Sola a kwarin da rana ke tafiya hutu wata huɗu?"

"Kai me ya hana ka miƙe?"

"Da waɗannan gwiwoyin? Kafin in gama miƙewa an rufe taro, an wanke kwanuka. Kai ne mai madatsa, kai za a ji wa kunya."

Zauren zagayayye ne, mutum talatin da ɗaya a kan benci, tukunyar miyar wake tana ɗumi a kan murhu. A tsakiya akwai kujera ɗaya ta itace, da wata fuskar itace da aka sassaƙa don sawa, a rataye a jikinta. Kujerar rafi ke nan. Duk ranar da za a yanke abin da ya shafi ruwa ko daji, sai a zagaya da jaka cike da fararen tsakuwoyi, ɗaya baƙa. Wanda ya zaro baƙar shi zai zauna a kujerar, ya sa fuskar, ya yi magana da bakin rafi, ba da nasa ba. Ranar ba shi da ikon miƙewa. Kuma ba a ƙin ƙuri'a, ba a musayarta.

Orrin ne ya kawo wannan al'ada tun shekarar farko. Shi ya ce ruwa yana da saninsa, ba daidai ba ne a yanke masa hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Lenore ce ta sassaƙa fuskar.

Delphine, wadda ke jan taron ranar, ta zagaya da jakar. Orrin ya sa hannu ya zaro, ya buɗe tafinsa. Baƙa.

Can Gus ya ce, "A'a! A sake. Hannunsa rawa yake, biyu ya kama ɗaya ta faɗi."

"Gus, ka yi mana shiru," in ji Delphine. Ta dubi Orrin. "Abin ya zo da nauyi. In kowa ya yarda, yau dai kawai..."

"Ni na yarda a sake," in ji Juniper. Ba ta ɗaga kai ba. "Kawu, ba haka na so ba."

Tausayin ne ya ƙona shi. Ya tuna shekarar da Delphine kanta ta zaro baƙar a kan maganar sare itatuwan bayan gidanta, ta zauna tana kuka a cikin fuskar, shi kuwa ya ce doka doka ce.

"Ba a sakewa," ya ce. Ya tashi ya je ya zauna.

Cikin fuskar akwai ƙamshin itace da gumin mutane na shekara arba'in. Ta ramukan idon ya ga kowa ya zuba masa ido. Sai wani tunani ya zo masa, mai sauƙi ƙwarai. Ba a taɓa musun kujera ba a Tansy. In ya ce rafi ya saba da bangon, wasu ko shakka babu za su ja baya, Gus ya samu ƙarfin miƙewa. Juniper ta ga matattu huɗu ko biyar ne kawai, waɗanda suka kuɓuce masa.

"Ni ne rafi," ya fara. Muryar ta fito a daskare. "Na daɗe da mutanen nan. Sun sha ni, sun yi wanka a cikina, 'ya'yansu sun koyi iyo a tafkina. Bangon nan ya zama kamar ƙashina. Ban..."

Ya tsaya. Gus yana gyaɗa kai da sauri, yana juya hannu alamar ya ci gaba. Juniper kuwa ta zauna ne yadda ya koya musu tun suna yara: tafuka a kan gwiwa, baki a rufe, kunne a buɗe. Ba kallon abokin gardama take masa ba. Rafi take saurare, kuma duk abin da ya fito daga fuskar nan za ta ɗauka.

Ya sake buɗe baki.

"Wata takwas da suka wuce ba ni da ƙara," ya ce. "Yanzu ina da ita. 'Ya'yana sun dawo daga teku, sun tarar da ƙofa a rufe. Ku kun ga biyar. Ashirin da uku ne. Sauran suna gindin tuffa, layi na biyu daga shinge. Wani tsoho ne yake zuwa da shebur da sassafe. Ku je ku tona in kuna so."

Wani ya ja numfashi. Juniper ta rufe baki da hannu.

Delphine ta maimaita buƙatar, ta tambaya ko akwai mai miƙewa. Gus ya dafa benci, ya dubi hagu ya dubi dama, ya saki. Ba wanda ya miƙe.

Orrin ya cire fuskar ya rataye ta. Bai tsaya cin miya ba. A bakin ƙofa Gus ya riƙe masa hannun riga.

"Na dogara da kai, Orrin. In sanyi ya kama ni a watan ɗaya, rafin ne zai zo ya gasa mini gwiwa?"

"Zan riƙa kawo maka itace."

"Riƙe abinka."

Ƙofar ƙasa ba a taɓa buɗe ta ba tun da aka gina madatsar, kuma shi kaɗai ya san kanta. Da la'asar ya gangara da gwangwanin mai da dogon ƙarfe. Juniper ta biyo shi, ba ta nemi izini ba. Suka zuba wa mariƙin mai, suka jira, suka sa ƙarfen suka danna tare. Tsatsa ta yi ƙara, ta saki.

Abin da ya fara fitowa ba ruwa ba ne, laka ce baƙa mai wari, ta shekara arba'in da huɗu. Ta malala ta rufe gurbin da kifin ke taruwa. Tafkin ya fara sauka. Can a ɗakin inji gurnanin ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Orrin bai san yadda kwarin yake ba tare da wannan ƙara ba.

"Ina suke?" ya tambaya. Ko ɗaya ba a gani a cikin baƙin ruwan.

"Lakar ta kore su ƙasa."

"Za su dawo?"

"In ruwan ya washe da wuri. Kwana biyu, ko uku. Wasu ba su da kwana ukun, Kawu."

"Wato har a buɗewar ma sai na kashe wasu."

Ya taka a hankali zuwa kusurwar gabas, ya durƙusa ya share ganyen da ya rufe shatin hannun.

"In rani ya yi, kada kowa ya taɓa nan sai na zo," ya ce. "Ni zan yanko shatin nan in ajiye."

"To, Kawu."

Ta ɗauki gwangwanin man da ƙarfen ta haura. Manjagarar tana jingine a jikin raga, ragar kuwa ta riga ta fito fili, ruwa ya bar ta. Orrin ya zauna a kan bangon, ƙafafu a reto, yana jiran lakar ta ƙare.