Tulun Sahabi

Mijina Sahabi mai nutso ne. In ruwa ya ci mutum a gulbinmu, tun daga mashigin Bukkuyum har kusa da Gummi, shi ake aiko wa, ya tuɓe riga ya shiga, ya fito wa dangi da gawarsu su yi mata sutura. Sana'ar da ya gada ke nan, kuma ba zan rage masa ba, ya iya ta. Abin da bai iya ba shi ne ya bar wani ya iya.

Akwai wata al'ada da ubansa ya bar masa. Kowace kaka, in ruwa ya fara kwantawa, mai nutso yakan ɗauki wani ɗan baƙin tulu, ya cika shi da tsakuwa don kada ya taso, ya je ya ɓoye shi a ƙarƙashin gulbi. Sai samari su yi ta nutso suna nema. Wanda ya gano shi zai fito da shi a ka, mata na guɗa, ya jefa wani abu nasa a ciki, ko zobe ko ƙugiya. Daga ranar, shi mai nutso zai riƙa ɗauka in an yi kira, ya nuna masa hanyoyin ruwa, don in ƙarfinsa ya ƙare gari ya sami mai shiga. Haka Sahabi ya samu a hannun ubansa. Zobensa na azurfa na nan cikin tulun tare da na waɗanda suka riga shi.

A zamanin uban, in ji tsofaffi, ba a haɗa kaka biyu ba a gano tulun ba. Da abin ya dawo hannun Sahabi sai wasa ya koma mugunta. Wata shekara ya cusa shi a cikin wani tsohon jirgi da ya nutse, ya liƙe bakin da laka. Wata shekara ya ɗaure shi a saiwar giyayya, inda ruwa ke juyawa kamar ana tuƙa tuwo. Har tukwanen banza yake binnewa nan da can don ya ruɗa su. Tukunyar miyata ma ba ta tsira ba, na neme ta na rasa, sai ga ta a kan wani saurayi yana haki yana murna ya ci. Sahabi na zaune a gaɓa yana dariya har da riƙe ciki. Ni kam ban ga abin dariya ba, miyar ranar a kwano na dafa ta.

A cikin samarin akwai Surajo, wanda yake neman autarmu Mardiyya. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, in ya nutse sai ka gaji da jiransa. Wata kaka ya daɗe a ƙasa har mata suka fara salati, sannan ya taso jini na zuba a hancinsa, yana murmushi. Ya ce ya taɓa igiyar tulun, numfashi ne ya ƙare masa, gobe in Allah ya kai mu zai fito da shi. Mardiyya ta wuni bakinta bai rufu ba.

Washegari ina hura wutar kunu sai ga Sahabi ya shigo, wandonsa na ɗigar ruwa.

Na ce, "Malam, daga ina da jiƙaƙƙen wando tun da sahe?"

Ya ce, "Tulu nig gusa."

"Haba Malam! Yaron ga jiya jini yaz zuba. Ka bar mishi mana."

"In ni na bar mishi, gulbi za ya bar mishi? Na kai shi ɗaki, inda gulbi ka aje mutanenshi. Wanda yak kai can, shi na mai nutso."

Ɗakin nan na sha jin labarinsa a bakinsa. Wani kogo ne a ƙarƙashin gaɓa, in ji shi, inda igiyar ruwa ke tura wanda ya nutse ta danne shi, ba ya tasowa ko ya yi kwana nawa. Duk gawar da aka nema aka gaji, can yake samo ta. Amma bai taɓa nuna wa kowa wurin ba. In zai je, daga nesa yake shiga ruwa, ya ɓullo daga wani wuri dabam, don kada na gaɓa su gane.

Na ce, "To ina na ɗakin ga?"

Ya kurɓi kunu ya dube ni. "Ke ma nutson za ki yi, Balaraba?"

Surajo ya nutsa a inda ya taɓa igiya jiya, ya iske wayam. Ya sake, ya sake, har kakar ta wuce. Ya gane abin da aka yi masa, kuma duk gari an gane. Kaka ta gaba samari kaɗan suka zo gaɓa. Ta gaba da ita ba wanda ya zo. Lokacin ne zinariya ta buɗe a wajen Anka, duk mai ƙarfi a jika ya hau babur ya nufi Sunke da Duza. Wa zai tsaya yana shan ruwan laka don tulun da ake gusarwa, ga inda ake cewa dutse na zama babur? Surajo ya auri Mardiyya, ya ajiye ta a gidan iyayensa, shi ma ya bi samarin zuwa Sunke. A bakin injin niƙa dutse ya sami aiki, inda ƙura ke tashi har ba ka ganin na kusa da kai. Ana ta maganar gubar dalma a rediyo, ana cewa yara na mutuwa a garuruwan, amma ba wanda ya dawo.

Sahabi kuwa ko a jikinsa. Kowace kaka sai ya je ya duba tulunsa, ya dawo yana taƙama a majalisa cewa yana nan inda ya bar shi, samarin yanzu ba su da huhu. Na ce masa tsufa na tafe, ya kira Surajo ya nuna masa ɗakin nan ko don gari. Ya ce shi ba a nuna masa ba, nema ya yi. Ƙarya yake yi, ubansa da hannunsa ya ja shi ya kai shi, uwarsa ce ta faɗa mini kafin ta rasu. Na gaya masa haka, ya yi mako ba ya cin tuwona.

Tsufa bai jira ya sauko ba. Wata ranar Juma'a yana alwala ya faɗi a bakin randa. A asibitin Gummi suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Muka dawo da shi gida a kwance, hannun dama da ƙafar dama sun mutu, baki ya karkace. Yana ji, yana gani, yana gane kowa, amma in ya buɗe baki ba abin da ke fita sai gurnani da miyau. Mutumin da majalisa ba ta tashi sai ya gama magana.

Mardiyya ce ta riƙe mu. Ita ke zuwa ta taya ni juya shi, ita ke kai daddawarta kasuwar Gummi ta sayo masa magani. A tsakiyar daminar da ta biyo baya, ranar kasuwa, ta leƙo da sassafe ta ce, "Inna, zan tahi, mi za a riƙo muku?" Na ce gishiri da maganin babanta. Tana ɗaure da wani kallabi ruwan goro mai zanen ganye. Na ce mata gulbi ya cika, ta bari sai wani makon. Ta ce magani ya ƙare.

A dawowa jirginsu ya kife. An cika shi da mutane da buhuna har ruwa na taɓa baki, ya daki wani kututture a tsakiyar gulbi. Wasu suka yi iyo suka fita, wasu aka tsamo su da gora. Waɗanda suka rasu, ruwa ya yi ta maido su ɗaya bayan ɗaya a kwanakin da suka biyo, ana ɗauka ana binnewa. Kowace uwa ta sami nata ta yi kuka a kansa. Mardiyya ba ta taso ba.

Ni na san inda take. Duk gari ba wanda ya san haka sai ni da wanda ke kwance a ɗakina. Na tsaya a gaɓa na ce wa maza, "Ku nemi tulun Malam. Inda tulun yake, nan ɗiyata take." Suka dubi juna. Tulun da aka yi shekaru ana nema a ruwan kaka mai haske, shi za a gano a jan ruwan damina?

Aka aika Sunke, Surajo ya zo. Da ƙyar na gane shi. Ƙirjin nan ya shige, wuya ya yi tsawo, daga inda babur ya sauke shi zuwa gaɓa sai da ya tsaya ya yi tari. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Inna, a ɗauko Baba. Ko da hannu ya nuna muna."

Aka ɗauko Sahabi a kan ƙyauren ɗaki, aka ajiye shi a bakin ruwa. Ya ɗaga hannun hagu, ya nuna wajen wata gaɓa mai tsawo da ke ƙasa da mashigi. Surajo ya shiga. Bai daɗe ba ya taso yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

"Baba, laka ta kawai. Ta ina aka shiga? Ta bisa ko ta ƙasa?"

Sahabi ya yi gurnani, ya karkata hannu, ya sake karkatawa. Wa ya san abin da yake nufi? Ko a nutsa a yi dama, ko a bi ƙarƙashin saiwa, ko a bar ruwa ya ja mutum. Gaɓar nan ta fi tsawon unguwarmu, kuma yatsa ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Na durƙusa a gabansa na kama fuskarsa da hannu biyu.

"Malam, Mardiyya ta. Autarka ta. Ka hwaɗi ko kalma guda."

Jijiyoyin wuyansa suka tashi, idanunsa suka yi ja, hawaye na bin gefen da ya mutu. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, wannan na shaida. Miyau ne kawai ya zubo a hannuna. A lokacin ban ji tausayinsa ba ko kaɗan, kuma har yau ban nemi in ji ba.

Surajo ya yi ta shiga yana fita har rana ta yi sanyi. Da can in ya nutse sai an gaji da jira, yanzu kafin ka gama salati ya taso. Na ƙarshe da ya shiga sai da aka jawo shi da gora, yana aman ruwa da jini. Ya kwanta a yashi ya juya kai ya dubi surukinsa, ya ce a hankali, "Ran nan na taɓa igiyar, Baba." Aka ɗauke su duka biyu aka kai gida.

Aka yi zaman makoki ba gawa. Mata na shigowa suna cewa in yi haƙuri, wanda ruwa ya ci shahidi ne. Na amsa musu da amin. Amma ni ban wanke ɗiyata ba, ban ga an sa ta a likkafani ba, ba ni da wurin da zan nuna in ce ga inda take kwance. Surajo bai koma Sunke ba, ƙirjin bai bar shi ba. Yana gidan iyayensa, ana jin tarinsa daga hanya.

Da bazara ta yi tsanani gulbi ya janye fiye da yadda na taɓa gani. Wata rana da hantsi aka yi sallama, na fita na iske Gidaɗo, wani Bafulatani da ke shayar da shanunsa a ƙasan mashigi. Yana rungume da wani abu a cikin tsumma. Ya ce shanu ne suka taka gaɓa ta rufta, sai ga wani rami a ƙarƙashi kamar ɗaki, ya leƙa ya ga wannan. Ya ce an ce masa na gidan nan ne.

Tulun ne. Ya yi gansakuka, igiyarsa na nan ɗaure a wuya. A jikin igiyar wani tsumma ya naɗe ya ƙulle, laka ta cinye launinsa, amma da na murza shi da yatsa sai ga zanen ganye. Na tambayi Gidaɗo ko akwai wani abu kuma a ramin. Ya sunkuyar da kai ya ce ya duba sosai, babu. Ruwan ƙarshen damina ya riga ya share wurin ya wuce da abin da ya ajiye.

Na kwance kallabin na wanke shi, na ninke na sa a ƙasan adakata. Tulun kuma na juye shi a tsakar gida, tsakuwa da zobba da ƙugiyoyi masu tsatsa suka zube. Na ga zoben azurfar, ban ɗauka ba. Na goge tulun ciki da waje, na cika shi da ruwa, na shiga da shi ɗaki na ajiye a gefen da Sahabi ke fuskanta, inda in ya buɗe ido shi zai fara gani.

Na ce, "Malam, ga tulunka. Shanu sunka tone shi. Ba mai nutson da yag gano shi, ko guda. Ka ci."

Ya rufe ido. Na jira har ya buɗe.

A cikin tulun nake ba shi ruwan sha yanzu, safe da yamma. Wani lokaci yakan kau da kai ya datse baki. Sai in zauna da moɗa a hannu, ba na gaggawa, ƙishirwa na dawo da shi.