Sharaɗi na Bakwai

Sa'adatu na tsakiyar babi na tara motar kamfanin iri ta tsaya a ƙofar gidan kakanta, can bayan Mahuta. Littafin da za a yi musu jarrabawa a kai ne a kwaleji, tsohon labarin yadda Turawa suka cinye wata ƙasa. Bindigogin cikinsa ba su dame ta ba kamar tafintan, ɗan ƙasa, mai tsayawa tsakanin Bature da dattawa yana faɗa musu rabin magana. Har ta rubuta a gefen shafi: wannan ya fi Baturen mugunta.

Malam Awaisu, wakilin kamfanin, ya fito da takarda. Shi ne ya yi mata alkawarin aikin malamar gona a Funtua in ta gama karatu.

"Sa'adatu, karanta wa Baba," in ji shi. "Aron gona ne, shekara uku, mu gwada sabon irin auduga."

Kaka Dogo ya gyara zama a kan turmi. "Amarya, zo ki yi mini Turancin. Kar ki sayar da mijinki dai."

"Wa zai saye ka, Kaka, ba haƙori?"

Ta fara fassarawa. Sharaɗi na ɗaya, na biyu, har na shida, Kaka yana gyaɗa kai. Sai idonta ya sauka a kan na bakwai: kamfani zai sare duk itacen da ke gonar don tarakta ta samu hanya.

A tsakiyar gonar akwai tsamiya. Kaka bai musulunta ba, ko da yake ’ya’yansa sun yi. A gindin tsamiyar nan yake yanka zakara kafin shuka, kamar yadda ubansa ya yi. Kuma ba zai taɓa tambaya a kanta ba, don daga nan har Bakori kowa ya san mai aron gona ba ya dasa itace, ba ya sarewa.

Malam Awaisu ya yi gyaran murya, ya tsare ta da ido.

"Shi ke nan?" in ji Kaka.

"Shi ke nan," ta ce.

Muryarta ce, amma kamar daga bakin tafintan nan da ta gama zagi ta fito. Ashe shi ma wataƙila aiki aka yi masa alkawari.

Awaisu ya buɗe tawada. Kaka ya dangwala babban yatsa, ya ɗaga shi.

"Tsaya, Kaka! Akwai saura. Za su sare tsamiya."

Yatsan ya tsaya a sama. "Aro ne fa kuka ce."

"Baba, itace ɗaya ne," in ji Awaisu. "Za mu ba ka dashen mangwaro goma."

Kaka ya goge yatsansa da ƙasa. Awaisu ya ninke takardar, ya juyo wurin Sa'adatu. "Masu neman aikin nan suna da yawa. Kada ki wahalar da kanki zuwa ofis."

Motar ta tafi. Kaka ya juyo ya dubi jikarsa.

"Da farko da kika ce shi ke nan, ba ki gan shi ba ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Na gani, Kaka."

Ya ɗauki fartanyarsa ya nufi gona, bai ce ta biyo shi ba.