Burtalin Bayan Kambaza

Tun hantsi Basharu ya kasa zama wuri ɗaya. Ya buɗe kwamfuta, ya rufe, ya leƙa zaure, ya dawo. Shi da Kubura, wata malamar makaranta a Kalgo, suke aikin sa kai na zana taswirar burtalolin shanu don kundin ilimi na intanet. Ita ta ja layin burtalin da ya bi ta bayan Kambaza a ƙasar Gwandu, miƙe sak, yadda tsohon hoton tauraron ɗan'adam ya nuna shi. A sabon hoto kuwa, gero ya cinye wurin.

Basharu ya lanƙwasa layin, ya kewaye geron. Kafin azahar Kubura ta miƙar da shi. Ya sake lanƙwasawa, ta sake gyarawa. Sai ga wayarta.

"Malam Basharu, burtalin nan ciki ya yi ne?"

"Malama, ni fa ɗan Gwandu ne. Na san wurin nan fiye da hoto."

"To madalla. Shanun ne suka ga dama suka kewaye, ko kewayar da su aka yi?"

Ya ja tsaki, ya miƙe, ya sake zama.

"Ba rigima nake nema ba," in ji ta. "Ko dai ka san mai gonar ne?"

Basharu ya dubi ƙwaryar furar da ke gefensa. Geron daga gonar nan ta kawunsa ya fito, nonon kuwa daga rugar da aka toshe wa hanya. Ya riga ya shanye rabi.