Kwalayen Ranar Juma'a

Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗinka safar hannu ta fata a kamfanin Lindgren, a ɗan garinmu da ke jihar Wisconsin, kuma abu ɗaya ne ban taɓa son gani ba: kwali a ranar Juma'a. In aka miƙo miki kwali ba komai a ciki, ba sai an yi bayani ba. Ki zuba kofinki da hoton jikoki, ki kama hanyar gida.

To, ranar da nake ba ku labari, kwali ashirin da shida aka hawo da su ɗakin ɗinki. Daidai yawanmu.

Duane, mai kula da aikinmu, shi ya jibge su a bakin ƙofa, ya ƙi haɗa ido da kowa. Kekunan ɗinki suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata uku ke nan da Marcy ta karɓi kamfanin daga hannun babanta. Yarinyar da muka sani da majina a hanci ta dawo daga Chicago da takalma masu tsini, kuma tun ranar muke cewa sayar da mu za ta yi.

Ni ba kaina na tuna ba, Trudy na kalla, aminiyata da ke keken kusa da nawa. Shekararta sittin da ɗaya, gwiwarta ta dama ta gama lalacewa. Ɗakin ɗinki yana hawa na uku, matakala arba'in da biyu. Don kada a ga yadda take hawa, ƙarfe shida take zuwa, awa guda kafin kowa. In ta rasa aikin nan ta rasa inshorar asibiti, ga shi saura shekara huɗu ta kai shekarun da gwamnati za ta ɗauke mata kuɗin asibiti. Ni kaɗai na san wannan.

"Bernice," ta ce a hankali, "ashe ma ba ni kaɗai ba ce. Na ji sanyi."

"Rufe mana baki, tsohuwar banza."

Sai ga Marcy ta shigo tana haki, takalmanta a hannu.

"Ku tattara kayanku," ta ce. "Ranar Litinin ba wadda za ta sake hawowa nan."

Wata a bayana ta fara kuka. Marcy ta dube mu, ta dubi kwalayen, fuskarta ta yi jajur.

"Wayyo. A'a, ba haka ba ne. Ƙasa za ku koma. Ofisoshi ne za su hawo sama."

Ba wadda ta motsa. Hawa na ƙasa fa, nan ne ofishin tsoho Lindgren, mai teburin katako da kan barewa rataye a bango, da ɗakin da ake saukar da manyan masu saye. Mu ko leƙe ba ma yi sai an kira mu, kuma kiran ba ya zama alheri.

"Ofishin babanki?" in ji Duane. "Ya sani?"

"Ya sani. Ya kashe mini waya."

"Marcy, sauke kekuna da jan wayar wuta sati guda ne cur. Ga safar mafarauta ana jira kafin kaka."

"Na kira masu sayen jiya. Rabin aikin sun kai wani wuri."

Duane ya cire hularsa, ya zauna a kan kwalin wata har ya lotse. Waɗannan masu sayen, tsoho ya fi shekara ashirin yana lallashinsu da gasasshen kifi da giya.

Trudy ce ta yi magana. Ta san Marcy tun tana cikin zanen goyo, ba ta jin tsoronta ko kaɗan.

"Ke 'yar nan, saboda me?"

"Bangon ofishina yana jikin matakala, Anti Trudy. Ina zuwa da wuri ni ma." Ta sunkuyar da kai. "Taku ɗaya, shiru. Taku ɗaya, shiru. Minti ashirin da biyu. Wata uku ina zaune ina saurare, ina shan kofi."

Trudy ta juyo ta zuba mini ido.

"Wallahi ban faɗa ba," na ce.

"Ba ta faɗa ba," in ji Marcy. "Kuma ba ke kaɗai ba ce. Bayanki akwai masu tsayawa hutu a hawa na biyu, suna yi kamar igiyar takalmi suke ɗaurawa."

Mata huɗu suka kalli ƙasa. Ni ce ta biyar. Takalmina ma ba shi da igiya.

Na zaci Trudy za ta yi godiya. Ina. Haushi ta ji, hancinta har rawa yake.

"Wato duk wahalar tashin asuba da na sha, kina bayan bango kina ji na kamar akuya a kan kwano."

"Eh."

"Kuma ba korata za ki yi ba."

"Ki je a gyara gwiwar nan. Kekenki zai jira ki."

Trudy ta jawo kwali, ta saka kofinta, ta saka almakashi. Da muka zo sauka, ta kama kafaɗata a gaban kowa, karo na farko, ta sauko tana ɗingishi iya son ranta.

Aka ajiye kekenta daidai ƙarƙashin kan barewar tsoho. Litinin ta sama ta shigo ƙarfe bakwai tare da kowa, ta cire rigar sanyinta, ta rataye a ƙahon. Ta jikin bango muna jin Marcy tana hawa sama da takardunta. Trudy ta ɗaga yatsa muka yi shiru.

"Ta tsaya a hawa na biyu," ta ce. "Igiyar takalmi."