Makullin da Dabo Bai Roƙa Ba

Ranar da Okwudili mai kayan babur ya yaye yaron shagonsa, duk kasuwar Illela sai da ta sani. Aka sha lemo, aka damƙa wa yaron makullin sabon shago cike da kaya. Alhaji Yari mai dabino, maƙwabcinsa, yana kallo baki sake.

"Mu haka muke yi, Alhaji," in ji Okwudili. "Yaro ya yi maka hidima, ka kafa shi, shi ma ya zama oga. Kai har yaushe za ka riƙe yaronka Dabo?"

Maganar ta tsaya wa Alhaji a rai. Tun Dabo bai fara gemu ba yake ɗauko masa dabino daga Konni, ga shi yau har da furfura. Alhaji ne ya yi masa aure, shi ke yanka ragon sunan 'ya'yansa, kwano ɗaya suke sa hannu kullum. Amma ko mudu Dabo bai mallaka ba. Kunya ta kama Alhaji.

Bai shawarci kowa ba, dama Alhaji da shawara ba sa ga maciji. Ya kama shago a bakin tasha, ya cika shi, ya tara 'yan layinsu na kasuwa kamar yadda ya ga an yi, ya miƙa wa Dabo makulli.

"Daga yau kai ma maigidan kanka ne."

Dabo ya dubi jama'a, ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, mi niy yi maka? In laihi niy yi, ka hwaɗa min cikin ɗaki. Sai gaban mutane za ka kore ni?"

Alhaji ya yi rantsuwa cewa ba kora ba ce, Okwudili ma ya sa baki. Dabo ya karɓa don kada ya kunyata ubangidansa. Amma kafin la'asar magana ta zaga kasuwa: ai ba a raba mutum da gidan ubangidansa haka kawai, lalle an kama shi da wani abu.

Washegari aka tarar da makullin bisa buhun dabino a shagon Alhaji. Dabo ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyen Kalmalo.

Alhaji ya bi shi har can. Dabo ya tarbe shi da ladabi, ya shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ya sa aka kawo abinci. Ya ajiye kwanon a gaban Alhaji, ya ja da baya ya durƙusa.

"Bisimilla, ranka shi daɗe. Ni na riga na ci."