Ciwon Motar Malam Zubairu

Malam Zubairu ya yi aikin akawu a wani kamfanin gurzar auduga a Funtua har kansa ya yi furfura. Da ya ajiye aiki sai ya koma gidan gado a Maska, shi da matarsa Sabuwa da wata tsohuwar mota ruwan toka. Ba a jima ba Sabuwa ta rasu. 'Ya'yan kuwa sun riga sun watse, babban yana Kano, matan suna gidajen mazajensu, sai dai waya ranar Juma'a in sun tuna. Gidan ya zama daga shi sai motar da ke ƙarƙashin rumfar kwano, sai kwanon tuwon da matar ƙaninsa ke aiko masa da yamma.

Wanda ya rage masa shi ne Awaisu, abokinsa tun na makarantar allo. Awaisu tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana jigilar auduga da hatsi zuwa kudu kafin bayansa ya gaji. Duk ranar kasuwar Bakori tare suke tafiya, Zubairu na tuƙi, Awaisu na gefe yana faɗa. Ba ya ce masa Zubairu, Akawu yake kiransa.

"Akawu, sauke ƙafarka daga kan kulocin nan, ba matashin kai ba ne."

Ko kuma ya ɗaga hannu a tsakiyar hira ya karkata kunne. "Ji nan. Fanbel ɗinka ya saki. In mun dawo mu biya gareji."

Zubairu bai taɓa koyon ciwon mota ba, don bai ga dalili ba. Shi dai ya san tuƙi da zuba mai. Sauran duk na Awaisu ne: lokacin juyen baƙin mai, ruwan lagireto, iskar taya, da rigima da bakanike.

Gab da faɗuwar damina Awaisu ya yanke jiki ya faɗi a bakin masallaci bayan la'asar. Aka kai shi asibiti a Funtua, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da aka sallame shi sai 'yarsa Najiba, wadda ke aure a Malumfashi, ta ɗauke shi ta tafi da shi gidanta don ta yi jinyarsa. Zubairu ya tsaya a ƙofar asibitin ya ga an kinkime shi an sa a bayan wata bas, ya ɗaga hannu, bai san ko Awaisu ya gan shi ba.

Daga nan motar ta zauna. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Zubairu bai fita ba. Aka yi shuka, aka yi noman fari, kaji suka mai da ƙarƙashin motar wurin fakewa in ana ruwa. Wani lokaci da hantsi yakan buɗe ƙofa ya zauna a ciki ya kunna rediyo ya ji labarai, sannan ya kashe ya koma ɗaki.

Sai da masara ta kai ƙirjin mutum buƙatar taki ta fitar da shi. Yaran unguwa suka tura masa motar ta tashi, ya kama hanyar Funtua. Da farko lafiya lau take tafiya. Yana gab da shiga gari ta fara fizga, kamar ana riƙe ta ta baya, ya taka totur ta ƙi amsawa, sai ta mutu. Ya gangara gefen titi. Ya murza makulli, ta yi kuka ta yi kuka ba ta kama ba. Ya buɗe gaba ya tsaya yana kallon injin, bai san abin da yake nema ba. Da ya gaji da tsayuwa ya sake murzawa, sai ta tashi kamar ba ita ba.

Kai tsaye ya wuce garejin Kamalu, bakaniken da Awaisu ya saba kai su wurinsa, a bayan tashar mota.

"Sannu da zuwa Baba. Yau kai kaɗai? Ina Baba Awaisu?"

Zubairu ya gaya masa. Kamalu ya yi salati, ya goge hannu a jikin wandonsa, ya yi addu'ar Allah ya ba shi lafiya. Sannan ya tambayi abin da ke damun motar.

"Mutuwa take yi."

"A tsaye ko a tafe? Da sanyi ko in ta ɗau zafi? Tana tari kafin ta mutu, ko ɗif take ɗaukewa?"

Waɗannan tambayoyin a da Awaisu ne ke amsa su tun ba a gama yi ba. Zubairu ya ce shi dai ya ji tana fizga.

Kamalu ya tayar da ita, ya saurara, ya zagaya da ita bayan tasha ya dawo. "Baba, ga ta nan lafiyarta ƙalau. Mota in ba ta yi ciwon a gabana ba, lalube kawai zan yi." Ya kwance fulogai ya ga sun yi baƙi, ya canza. Ya wanke kafireta. Ya ce a gwada a gani.

Aka gwada, ba ta daina ba. Zubairu ya dawo, aka canza matatar mai. Ya sake dawowa, Kamalu ya ce watakila kwayil ne ke ɗaukar zafi, ya aro wani ya ɗaura. Kowane zuwa Zubairu kan zauna a kan wata tsohuwar kujerar mota da aka jingine a gindin dalbejiya, yana jin hirar direbobi. Ba mai korarsa, ba kuma mai sa shi a hirar. A hankali ya fara lura da halin motar, tunda ba wanda zai lura masa. Ba ta mutuwa a cikin gari. Sai ta yi doguwar tafiya a miƙaƙƙen titi. In ta huta kuma ta tashi. Ya riƙa maimaita waɗannan a ransa kamar mai tilawa, don kada ya manta.

Wata safiya yana alwala tunani ya zo masa: ai akwai wanda zai ji wannan bayanin ya gane. Ya kira Najiba.

"Baba Zubairu, ka zo mana. Zai ji daɗi. Amma fa maganarsa ba ta fita sosai."

Ya sayi ayaba da lemo a Funtua ya kama hanyar Malumfashi. Ya wuce Bakori lafiya. Can gaba, inda babu gida sai gonaki hagu da dama, motar ta fara fizga. Ya roƙe ta a fili, ya ce, "Haba, yau dai ki yi haƙuri." Ta mutu.

Ya tura ta gefe shi kaɗai, hannu ɗaya a sitiyari, kafaɗa a jikin ƙofa, har numfashinsa ya sarƙe. Hadari ya haɗu ta gabas, masara na kaɗawa. Motoci suna wucewa da gudu. Ya ɗaga wa wata bas hannu, direban ya dube shi ya ƙara wuta. Bai ga laifinsa ba, a wannan zamanin ba kowa ke tsayawa a daji don ya ga mota a buɗe ba. Ya ɗauko waya ya bi sunayen da ke ciki. Kamalu bai ɗauka ba. Ɗansa na Kano zai ce ne, "Baba, ai na ce ka sayar da ita." Ya mai da wayar aljihu.

Ruwa ya sauko. Ya shige motar ya ɗaga gilasai, ya zauna yana jin ruwan na dukan rufi. Ledar ayaba na kan kujerar gefe. Wani ɗigo ya fara zuba ta gefen gilashin gaba yana sauka a gwiwarsa, ya matsa, ya bar shi yana zuba. Da ruwan ya tsagaita ya murza makulli, ta tashi.

Ya isa Malumfashi bayan azahar. Najiba ta tare shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ta karɓi ledar, ta kai shi wani ɗaki mai warin man zafi. Awaisu na kwance a katifa an tokare shi da matasai. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, bakin ya karkace. Da ya ga Zubairu sai hannunsa mai lafiya ya ɗago. Zubairu ya kama shi ya riƙe.

"Sannu, mutumina. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Awaisu ya yi wani sauti. Najiba ta ce, "Yana amsawa ne, Baba." Ta kawo ruwa ta fita.

Zubairu ya ba shi labarin Maska: wanda ya rasu, wanda ya aurar da 'ya, yadda damina ta yi kyau bana. Awaisu na kallon silin. Labarin ya ƙare, sai kukan wata akuya a tsakar gida. Sai Zubairu ya ce, "Motar nan fa ta sa ni gaba."

Idon Awaisu ya juyo.

Zubairu ya gyara zama ya fara zayyano masa. Ba ta yi a cikin gari, sai a doguwar hanya. Fizga take fara yi, totur ya ƙi amsawa, sannan ta mutu. In ta huta ta tashi. An canza fulogi, an wanke kafireta, an canza matata, an gwada wani kwayil. Yana magana fuskar Awaisu na canzawa, girar nan ta haɗe yadda take yi in yana sauraren injin. Ya saki hannun Zubairu ya ɗaga yatsa.

"Ta... ta..."

"Ina ji."

"Ta... ha..." Leɓensa na rawa, yawu ya gangaro. Ya yi nuni da hannu baya, ko gefe, Zubairu bai tantance ba. Ya sake gwadawa, jijiyar wuyansa ta tashi, sautin ya fito a dunƙule ba kai ba gindi.

Zubairu ya kira Najiba. Ta sunkuya ta saurara, ta girgiza kai. "Baba, wannan sautin ban san shi ba. Na ruwa da na abinci da na alwala na sani."

Awaisu ya sake yi, da ƙarfi wannan karon, har ya fara tari. Zubairu ya kasa jurewa. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Na gane. Na gane, mutumina. Haka zan gaya wa Kamalu."

Awaisu ya dube shi, dogon kallo. Shekarun da suka yi tare sun wuce a ce wannan ƙaryar ta shige shi. Ya sauke hannunsa a kan bargo, ya juya fuska bango. Zubairu ya zauna har aka kira la'asar, Awaisu bai sake juyowa ba.

A zaure Najiba ta ce, "Kada ka ji komai, Baba. Haka yake yi mana in muka kasa gane shi. Amma tun da ya zo gidan nan ban ga ya yi ƙoƙarin magana irin na yau ba."

A hanyar komawa motar ta sake mutuwa, ya jira ta, ta tashi. Washegari ya kai wa Kamalu makullin ya ce kada ya dawo masa da ita sai ya ga ciwon da idonsa. Ya hau babur ya koma Maska.

Kamalu ya ɗauke ta ya yi hanyar Zariya da ita har ta mutu masa. Da ya kira Zubairu muryarsa cike da dariya. "Baba, zo ka ga abin mamaki."

A gareji ya nuna masa wani siririn tiyo da ya kwanto daga jikin tankin mai. "Ta nan tanki ke shaƙar iska. In mai yana raguwa iska ba ta shiga, sai famfo ya kasa jawowa, mota ta mutu. Da ta mutu mini na buɗe murfin tanki, na ji ya ja iska fuu, na murza ta tashi nan take." Ya zura waya a tiyon, busasshen laka ya zubo a tafin hannunsa. "Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Ta daɗe a ajiye ko, Baba?"

"Ta daɗe."

"To shi ke nan. Mota ba ta son zama. Ka riƙa fita da ita."

Zubairu ya karɓi ɗan lakan ya murtsuke shi da yatsu. Yana fita daga garejin ya tsaya a gefen titi ya kira Najiba, yana so ta kara wa Awaisu wayar a kunne ya gaya masa tanki ne, ya tambaye shi ko abin da yake faɗa ke nan.

"Wayyo Baba, ai yayana ya zo jiya ya tafi da shi Legas. Ya ce akwai likitan gashin ƙashi a can kusa da shi. Abin ya zo da gaggawa, ban samu na kira ka ba. Zan turo maka lambarsa."

Ta turo. Ya kira, yayan ya ɗauka cikin hayaniyar motoci, ya gaishe shi da ladabi, ya ce yana wurin aiki, in ya koma gida zai kira. Bai kira ba. Zubairu ya sake gwadawa bayan kwana biyu, wayar ta yi ta ƙara har ta katse.

Ranar kasuwar Bakori ya wanke motar da kansa, ya duba baƙin mai da ruwan lagireto yadda Kamalu ya nuna masa, ya fita. Ta tafi sumul, ko tari ba ta yi ba. Ya ajiye ta a bakin kasuwa, ya zagaya layin 'yan hatsi, ya tambayi farashin masarar da ba saya zai yi ba. Wani mai goro ya gane shi ya ce, "Malam, kwana biyu. Ina abokin naka mai faɗa?" Ya ce yana Legas wurin magani. Ya sayi ƙosai ya koma mota ya ci rabi, ya naɗe sauran a takarda. Rana ba ta kai tsaka ba ya juya ya kama hanyar gida.